Da Faransa ce ta ci yaƙin 1870: tambayoyi da amsoshi

Ranar 19 ga Yuli, 1870, Faransa ta shelanta yaƙi a kan Furusiya, babba a cikin masarautun Jamusawa na lokacin. Jama'a suka cika titunan Paris suna kururuwar sai Berlin. Kafin mako bakwai ya cika, sarkin Faransa Napoleon na Uku yana hannun abokan gaba, shi da sojoji kusan dubu 100. Kafin wata shida ya cika, an naɗa sarkin Furusiya Sarkin Sarakunan Jamus, kuma a cikin fadar Versailles ta sarakunan Faransa aka yi naɗin. Tun daga lokacin masu bibiyar tarihi ke tambayar yadda duniya za ta kasance da reshe bai juye da mujiya ba. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu gwargwadon abin da hujja za ta iya ɗauka.

Me ya haddasa yaƙin tun farko?

Gadon sarautar Sifaniya ne sanadi, amma wutar ta daɗe tana ci a ƙasa. A 1866 Furusiya ta lallasa Ostiriya cikin mako bakwai, ta haɗiye Hanover da wasu ƙananan ƙasashe, ta tattara arewacin Jamus a ƙarƙashinta. Faransa, wadda ta saba ita ce gaba a nahiyar, ta wayi gari da ƙato a maƙwabta, kuma ko taƙi ɗaya na ƙasa ba ta samu ba a matsayin ladan shirun da ta yi.

Sifaniyawa sun kori sarauniyarsu Isabella a 1868, suka shiga neman sarki. Aka yi wa Yarima Leopold tayi, ɗan gidan Hohenzollern, wato dangin sarkin Furusiya Wilhelm na Ɗaya. Faransa ta ce ba za ta zauna da Hohenzollern a gabas da Hohenzollern a kudu ba. Ranar 12 ga Yuli aka janye sunan Leopold. A nan Faransa ta riga ta samu abin da take so ba tare da an harba harsashi ba. Sai ministanta na harkokin waje, Gramont, ya tura jakada Benedetti ya tare Sarki Wilhelm washegari a garin Ems, inda yake hutawa, ya nemi alkawarin ba za a sake tada maganar ba har abada. Sarki ya ƙi, cikin mutunci. Da labarin ya iso wa Bismarck, firaministan Furusiya, ta wayar tangaraho, sai ya datse shi, ya cire kalmomin sassauci, ya miƙa wa jaridu. Bajamushe ya karanta ya ga an yi wa sarkinsa rashin kunya, Bafaranshe ya karanta ya ga an wulaƙanta jakadansa. Bayan kwana shida aka shelanta yaƙi, kuma Faransa ce ta shelanta, abin da ya jawo mata asarar tausayin duniya tun kafin a fara.

Faransa na da dama ta gaske kuwa, ko mafarki ne kawai?

Tana da ita, amma gajeruwa ce. Bindigar sojanta, Chassepot, tana kai harsashi kusan ninki biyu na nisan da bindigar Dreyse ta Furusiya ke kaiwa. Sojojinta ƙwararru ne, da yawansu sun ga yaƙi a Kirimiya da Italiya da Aljeriya da Meksiko. Suna kuma da wata sabuwar bindiga mai baki 25 da ake kira mitrailleuse, sai dai an ɓoye ta ƙwarai har masu harba ta ba su saba da ita ba.

Furusiya kuwa igwa take taƙama da ita, ta ƙarfe, ƙirar kamfanin Krupp, wadda ake ɗurawa ta baya, ta fi ta tagulla ta Faransa nisa da saiti. Aikin soja dole ne a kan samarinta, saboda haka akwai ɗimbin mutane masu horo suna gida suna jiran kira. Ga kuma Moltke, babban hafsan hafsoshi, wanda ya yi shekaru yana tsara jadawalin jiragen ƙasa. Cikin kwana 18 ya sauke sojoji kusan dubu 380 a bakin iyaka.

A ɓangaren Faransa hargitsi ne tsagwaronsa. Sojan ajiya da ke zaune a arewacin ƙasar sai a ce ya tafi kudu, wani ma har Aljeriya, ya karɓi kaki da bindiga a barikin ƙungiyarsa, sannan ya juyo gabas ya nemi bataliyarsa. Wani janar ya isa Belfort ya buga waya Paris cewa bai ga birged ɗinsa ba, bai ga kwamandansa ba, a gaya masa abin yi. An raba wa hafsoshi taswirar Jamus, alhali a ƙasar Faransa aka yi yaƙin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Marshal Niel ya yi ƙoƙarin gyara tsarin sojan a 1868, majalisa ta yi wa shirinsa kaca-kaca, shi kuma ya mutu a 1869.

Damar Faransa ta farko ita ce ta kutsa da sojojin da ke hannu kafin Moltke ya gama tara nasa, ta raba arewacin Jamus da kudu. Ranar 2 ga Agusta ta tsallaka ta kama tuddan Saarbrücken, sai ta tsaya. Daga nan ba ta sake taka ƙasar Jamus ba a wannan yaƙi.

Wace rana ce za ta iya juya yaƙin?

Ranar 16 ga Agusta, a Mars-la-Tour. Idan mutum zai zaɓi rana guda, wannan ce.

Bayan kashin da aka sha a Wissembourg da Wörth da Spicheren, babbar rundunar Faransa tana janyewa daga Metz zuwa Verdun a ƙarƙashin Marshal Bazaine. Janar Alvensleben na Furusiya ya ci karo da ita da mutum kusan dubu 30. Ya zaci 'yan tsaron baya ne. Ashe rundunar ce gaba ɗaya, sama da mutum dubu 100. Da ya gane, maimakon ya ja da baya sai ya ci gaba da kai hari, don Faransawa su ɗauka akwai babbar runduna a bayansa. Da rana tsaka sojojinsa na ƙasa sun kusa ƙarewa, har sai da aka tura mahaya dawaki kusan 800 a ƙarƙashin Bredow suka afka wa layin igwogi don a sayi lokaci. Rabinsu ne suka dawo. Da Bazaine ya tattara ƙarfinsa a hannun dama ya danna, da ya murƙushe Alvensleben kafin ɗauki ya iso, ya buɗe hanyar Verdun, ya haɗu da sabuwar rundunar da Marshal MacMahon na Faransa ke tarawa a Châlons. Amma hankalinsa na kan Metz. Tsoronsa kada a raba shi da ganuwar birnin, don haka ya jibge sojojin ajiya a hannun hagu, inda babu wata babbar barazana. Da dare ya yi, sai ya ba da umarnin a koma baya.

Kwana biyu bayan haka, a Gravelotte da Saint-Privat, dama ta sake dawowa. Gaban ƙauyen Saint-Privat fili ne fetal mai hawa sannu a hankali, gonaki ne da aka girbe, babu bishiya babu kwari. Da yamma rundunar dogaran sarkin Furusiya ta taso a jere, kafaɗa da kafaɗa, ba tare da igwa ta share mata hanya ba. Faransawa suna kwance bayan katangun dutse da Chassepot. Cikin abin da bai kai rabin awa ba, mutum kusan dubu 8 suka zube, waɗanda suka rage suka kwanta rub da ciki, ba gaba ba baya. A ɗaya gefen kuma Janar Steinmetz ya yi ta cusa mutane cikin wani kwazazzabo ana karkashe su, har da magariba wasu suka watse da gudu a gaban idon Sarki Wilhelm. Jamusawa sun yi asarar mutum kusan dubu 20 a ranar, Faransawa kusan dubu 12. Bazaine na da rundunar dogaran sarkinsa a ajiye, ba ta shiga faɗan ba. Shi kansa yana can baya a Plappeville. Marshal Canrobert na Faransa da ke riƙe da Saint-Privat ya yi ta neman harsashi da ɗauki, har sojojin Saxony suka zagayo ta arewa, igwogin Krupp suka rushe ƙauyen. Rundunar ta koma cikin Metz aka yi mata ƙawanya, ta miƙa wuya ranar 27 ga Oktoba da mutum kusan dubu 170.

Bayan yaƙi an gurfanar da Bazaine, aka yanke masa hukuncin kisa a 1873, aka mayar da shi ɗauri, ya tsere, ya mutu a Madrid a 1888. Faransawa sun so a ce cin amana ne, don ya fi daɗin ji. A ganina mutumin jarumi ne da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfin wuyansa.

Bala'in Sedan fa, dole ne ya faru?

Ko kaɗan. MacMahon ya so ya ja rundunar Châlons ya koma bakin Paris, inda akwai ganuwa da abinci da layin dogo. Sarauniya Eugénie, matar Napoleon, da shugaban gwamnati Palikao suka ce idan sarki ya dawo Paris ya bar Bazaine a tarko, juyin juya hali zai tashi. Siyasa ta rinjayi soja. Rundunar ta nufi arewa maso gabas tana rakuɓe da iyakar Beljiyam, Moltke ya samu labari har daga jaridu, ya juya sojojinsa ya rufe ta a kwarin Sedan. Ranar 1 ga Satumba igwogi suka yi ta luguden wuta daga tuddai, washegari sarki ya miƙa takobinsa.

Da MacMahon ya koma Paris da mutum sama da dubu 100, da Moltke bai isa ya yi wa Metz da Paris ƙawanya a lokaci guda cikin kwanciyar hankali ba. A dubi abin da ya faru ba tare da su ba. Paris ta jure daga 19 ga Satumba zuwa 28 ga Janairu, mutane suka ci dawaki, suka ci ɓeraye, har giwayen gidan namun daji. Gambetta, minista a sabuwar gwamnatin da aka kafa bayan kama sarki, ya fice daga birnin cikin balan-balan ya tara sababbin rundunoni na ɗanyun sojoji, har suka ci nasara a Coulmiers. Abin da suka rasa shi ne ƙwararrun hafsoshi, waɗanda ke tsare a Jamus. Hasashen da ya fi kama hankali ke nan: ba Faransawa a Berlin ba, sai dai yaƙin da ya cije, hunturu ya shigo, Ingila da Ostiriya suka shiga tsakani, aka yi sulhu ba tare da an yanki ƙasar kowa ba.

Da Ostiriya ko Italiya sun shigo fa?

Napoleon ya shiga yaƙin yana ganin yana da abokai, alhali ba shi da takarda ko ɗaya da aka sa wa hannu. Sarkin Ostiriya Franz Joseph na son ramuwar 1866, amma hafsoshinsa sun faɗa wa Faransawa tun kafin yaƙi cewa suna buƙatar mako shida su shirya. Ma'anar wannan a fili take: mu ga wanda ke cin nasara tukuna. Shugabannin Hangari, irin su Andrássy, ba su son komawar Ostiriya cikin harkar Jamus. Rasha kuma, wadda sarkinta Alexander na Biyu ɗan 'yar'uwar Wilhelm ne, ta nuna cewa idan Ostiriya ta motsa za ta jibge sojoji a iyakarta. Ladan Rasha ya zo a ƙarshen 1870, lokacin da ta yi watsi da sharaɗin 1856 da ya hana ta ajiye jiragen yaƙi a Baƙin Teku.

Italiya farashinta ɗaya ne: birnin Rum, wanda sojojin Faransa ke gadi domin Paparoma. Napoleon ya ƙi bayarwa don tsoron 'yan Katolikan ƙasarsa. Abin takaici gare shi, a watan Agusta dole ta sa ya janye sojojin, ranar 20 ga Satumba Italiya ta shiga Rum kyauta. Da Faransa ta yi nasara, da Paparoma ya ƙara shekaru yana mulkin birnin.

Ingila kuwa Bismarck ya riga ya toshe ta. Ya fito da wani daftarin yarjejeniya da Benedetti ya rubuta da hannunsa shekarun baya, wanda ke nuna Faransa na kwaɗayin Beljiyam, aka buga a jaridar The Times. Da sojojin Faransa sun yi nisa, Ingila ba taimaka musu za ta yi ba, birki za ta taka musu.

Da ta ci, me za ta ƙwata?

Abin da ta nema a 1866 da 1867 ya nuna inda idonta yake: yankin Saar mai kwal, garin Landau, wani ɓangare na yammacin kogin Rhine, da Luxembourg, wadda ta yi yunƙurin saye daga sarkin Holan aka hana. Sannan za ta so a soke yarjejeniyoyin soja da suka ɗaure Bavariya da Württemberg da Baden da Furusiya, watakila a maido da sarkin Hanover, a mayar wa Denmark arewacin Schleswig. Duk wanda ya zana taswirar da Faransa ta haɗiye Rhine gaba ɗaya ya manta da Ingila da Rasha.

To Jamus ba za ta haɗu ba ke nan?

Nan ne na fi saɓa wa masu hasashe. Da yawa suna ɗauka idan aka kayar da Bismarck an binne Jamus. Abin da za a binne shi ne irin Jamus ɗin Bismarck.

Gaskiya ne kudu ba ta son Furusiya. Mafi yawan mutanen Bavariya 'yan Katolika ne, suna ƙyamar aikin soja na dole da harajin Berlin. A zaɓen majalisar kwastan na 1868 masu adawa da Furusiya ne suka yi rinjaye a kudu, a 1869 kuma jam'iyyar masu kishin Bavariya ta ci zaɓe har firaminista Hohenlohe ya sauka. Ko bayan Sedan, sai da Bismarck ya yi wa Sarki Ludwig na Biyu alkawarin kuɗi a asirce kafin ya sa hannu a wasiƙar da ta roƙi Wilhelm ya karɓi sarautar, majalisar Bavariya kuma da ƙyar ta samu kashi biyu cikin ukun da ake buƙata, bayan ma an gama biki a Versailles. Da an sha kashi, da wannan ɗinki ya warware.

Amma akwai abubuwan da yaƙi ɗaya ba ya warwarewa. Tun 1834 ƙasashen Jamusawa suka fara haɗa kwastan, layin dogo ya ɗinke kasuwanninsu, kwal ɗin Ruhr yana hannun Furusiya kuma zai ci gaba da zama. Kishin Jamusanci ma daga mamayar Napoleon na Ɗaya ya samu ƙarfi. Sojan Faransa a bakin Rhine shi ne babban mai wa'azin haɗin kan Jamus. Da an jinkirta shekara 10 ko 20, amma da an zo.

Bambancin yana ga wanda zai haɗa ta. Bismarck ya yi mulki daga 1862 zuwa 1866 yana karɓar haraji ba da yardar majalisa ba, nasarar yaƙi ce ta wanke shi. Da ya sha kashi, da ya tafi, da kuma martabar hafsoshi masu gonaki na gabashin Furusiya ta zube. Wilhelm na da shekara 73. Magajinsa Friedrich, surukin Sarauniya Victoria ta Ingila, yana da ra'ayin a ba majalisa ƙarfi. A tarihin gaske kwana 99 kawai ya yi a kan gado a 1888, ciwon dajin maƙogwaro ya kashe shi. Da ya hau tun 1871, da ya samu shekara 17. Jamus da majalisa ta haɗa, wadda minista ke amsa tambayar wakilai ba ta sarki kaɗai ba, wata ƙasa ce daban da wadda aka haifa a sansanin yaƙi.

Napoleon na Uku zai dawwama?

Shi dai a'a. Yana fama da tsakuwar mafitsara, a Sedan da ƙyar yake zama a kan doki, ya kuma mutu a Ingila a Janairun 1873 bayan tiyata. Gidansa ne zai iya ɗorewa. A ƙuri'ar raba gardama ta Mayun 1870 sama da mutum miliyan 7 suka goyi bayan sauye-sauyensa, miliyan ɗaya da rabi suka ƙi. Da ɗansa ya gaje shi yana ɗan shekara 16, uwarsa Eugénie na riƙon ƙwarya. A tarihin gaske wannan yaro ya bi sojojin Ingila zuwa Afirka ta Kudu, mayaƙan Zulu suka kashe shi da masu a 1879. Da babu Jamhuriya ta Uku, wato mulkin da ya maye gurbin sarautar Napoleon, a lokacin da ta zo, da kuma babu tawayen Paris na 1871 da aka kashe dubban mutane wajen murƙushe shi.

Da an kauce wa yaƙin 1914 da zuwan Hitler?

Rabin farko na tambayar yana da amsa, rabin na biyu ya yi nisa. Yarjejeniyar Frankfurt ta 10 ga Mayu, 1871, ta ƙwace Alsace da wani ɓangare na Lorraine, da mutane kusan miliyan ɗaya da rabi, ta ɗora wa Faransa diyyar faran biliyan 5. Kuɗin an biya kafin wa'adi, sojan Jamus na ƙarshe ya fita a Satumban 1873. Ƙasar ce ba a manta ba. Ita ta sa Faransa ta zama abokiyar duk mai gaba da Jamus, har ta ƙulla ƙawance da Rasha a 1894. Ba banza ba aka buɗe taron sulhu na 1919 ranar 18 ga Janairu, aka kuma sa Jamusawa sa hannu a zauren madubai ɗin da aka naɗa Wilhelm.

Sai dai da Faransa ce ta yanki Saar, ƙullin zai koma ɗaya ɓangaren ne kawai, kuma mai ƙullin shi ne mai ƙara ƙarfi. A 1871 Jamus na da mutum miliyan 41, Faransa 36. A 1914 Jamus ta kai kusan 67, Faransa ba ta wuce 40 ba, ƙarfen da Jamus ke narkawa kuma ya ninka na Faransa fiye da sau uku. Ga rikicin yankin Balkan tsakanin Ostiriya da Rasha, wanda shi ya kunna wutar 1914, kuma ba ruwansa da Alsace. Sulhun da ba a yanki ƙasar kowa ba ne kaɗai zai iya rage haɗarin. Hitler kuwa an haife shi a 1889, shekara 19 bayan Sedan. Duk wanda ya ce ya san makomar mutum guda a duniyar da aka canza tun kafin haihuwarsa, tatsuniya yake yi.

Ina Musulmin Aljeriya a wannan lissafi?

Suna ciki tun ranar farko. Sojojin Aljeriya da ake kira Turko sun yi faɗa a Wissembourg da Wörth, an kuma kashe su da yawa. Napoleon na Uku yana da manufar da ya kira masarautar Larabawa, wato a taƙaita ƙwacen filayen ƙabilu, a bar mulkin karkara a hannun soja da sarakunan gargajiya. Shi ne ya saki Amir Abdulƙadir, jagoran da ya yaƙi mamayar Faransa a Aljeriya, a 1852. Turawan da suka yi kaka-gida a Aljeriya sun tsani wannan manufa, kuma faɗuwarsa ta miƙa musu ragama. A Maris na 1871 Muhammad al-Muƙrani ya yi tawaye, Shaihu al-Haddad na ɗariƙar Rahmaniyya ya yi kiran jihadi, ƙasar Kabiliya ta tashi. Bayan an murƙushe su aka ƙwace ɗaruruwan dubban hekta, aka ba wasu daga cikin waɗanda suka baro Alsace wani kaso. Da Faransa ta ci yaƙin, da wuya tawayen ya tashi a wannan shekara, ƙwacen filin kuma da ya tafi a hankali. Kada dai a yi wa Napoleon kwalliya: a zamaninsa ne yunwa da annoba na 1866 zuwa 1868 suka kashe ɗimbin Aljeriyawa.

Ƙasar Hausa da Barno fa, akwai abin da ya shafe su?

Akwai. A farkon watan Yulin 1870, ana gab da rikicin Ems, wani likita Bajamushe mai suna Gustav Nachtigal, wanda ake kira Idris Effendi, ya shiga Kukawa da kyautar Sarki Wilhelm zuwa ga Shehu Umar na Barno, godiya ga karamcin da ya yi wa Barth da sauran matafiya Jamusawa. Cikin kayan akwai kujerar sarauta, da hotunan sarki da iyalinsa, da bindigogin Dreyse, irin waɗanda wata guda bayan haka za su gaza a gaban Chassepot. Wanda ya aiko kyautar sarkin Furusiya ne kawai a lokacin. Shekara 14 bayan haka, Nachtigal ɗin nan ne ya kafa tutar daular Jamus a Togo da Duwala.

Ba haɗaɗɗiyar Jamus, da wuya a samu Kamaru ta Jamus, da wuya kuma a yi taron Turawa kan rabon Afirka na 1884 zuwa 1885 a Berlin. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ce ta tsaga Adamawa, Yola ta faɗa hannun Ingila, Garwa da Marwa da Ngaundere suka faɗa hannun Jamus, Lamiɗo Zubairu ya rasa gida biyu a 1901. Ita ta raba Barno, Dikwa ta koma ɓangaren Jamus. Ita ce asalin ƙuri'ar 1961 da ta shigo da Mubi da Gwoza da Dikwa cikin Najeriya. A yamma ma, takarar Ingila da Jamus ce ta mayar da Salaga yankin ba ruwan kowa a 1888, kasuwar da fataken goro suka fi sani a hanyar Gwanja.

Ta ɓangaren Faransa abin ya fi sarƙaƙiya. Kashin 1870 ne ya tura hafsoshinta neman suna a Afirka, Bismarck kuma ya ƙarfafa musu gwiwa don su ɗauke ido daga Alsace, har suka kama Tunisiya a 1881. Gallieni, wanda ya share hanyar Faransa zuwa Segu, ƙaramin hafsa ne da aka kama a yaƙin Sedan. Wannan tafiya ce ta ƙare da ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine, da faɗansu da Sarauniya Mangu a Lugu, da ƙona Birnin Ƙonni, da kama Damagaram a 1899 a zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga.

Wato da Faransa ta ci, da ba ta zo ba?

Da ta zo, watakila ma da ƙarfi fiye da haka. Napoleon na Uku ba mai zaman gida ba ne: a zamaninsa aka kama kudancin Biyetnam, aka shiga Meksiko, aka haƙa mashigin Suez. Faidherbe, gwamnan Faransa a Senegal, ya riga ya kara da Alhaji Umaru Futi, surukin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Medine tun 1857. Ingila ma tana Ikko tun 1861, Baikie ya zauna a Lakwaja, 'yan kasuwarta na ciniki da Etsu Masaba na Bida. Jirgin ruwa mai tururi da maganin kwinin ba su jira sakamakon Sedan ba.

Abin da zai canza shi ne inda aka ja layi. Faransar da ke tsoron Jamus a bayanta ta sha janyewa a gaban Ingila: ta bar mata Masar a 1882, kamfanoninta da ke ciniki a kogin Kwara da Binuwai suka sayar wa Goldie, shugaban kamfanin Ingila da ke ciniki a kogin, da kadarorinsu a 1884, ta karɓi layin Sayi zuwa Barruwa a matsayin iyaka tsakaninsu a 1890, ta sauke tuta a Fashoda da ke bakin kogin Nilu a 1898. A yarjejeniyar 1898 an zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato aka ba Ingila, abin da ya bar Faransawa ba hanyar da ke da rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram, sai a 1904 aka sassauta musu. Faransar da ba ta da wannan tsoro ba za ta karɓi rairayi ta bar wa Ingila Kano da Katsina cikin sauƙi ba. Hafsan Faransa Monteil ya ratsa Sakkwato da Kano da Kukawa a 1891 da 1892, ɗan ƙasarsu Mizon ya yi ta zawarcin Yola da Muri a kan Binuwai. Da gwamnatinsu na da ƙarfin tsaya musu, da iyakar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina a yau tana iya kasancewa can kudu da Zariya.